Ginshiƙan Aro: Abin Da Masu Kukan Andalus Ba Sa Faɗa Game Da Masallacin Ƙurɗuba

A daren Juma'a, 8 ga Agustan 2025, wuta ta tashi a wani ɓangare na tsohon Masallacin Ƙurɗuba da ke kudancin Sifaniya, wanda yanzu coci ne. 'Yan kwana-kwana sun shawo kanta a daren, bayan rufin wani ɗan ɗakin ibada ya rufta, kuma washegari aka sake buɗe ƙofa ga masu ziyara. Ɓarnar ba ta kai yadda aka ji tsoro ba. Amma kafin hayaƙi ya lafa, hotunan sun riga sun iso wayoyinmu, kuma duk lokacin da hotunan wannan gini suka zagayo, mutane iri biyu suke fitowa. Akwai masu hawaye: Allah sarki Andalus, ga abin da Musulmi suka gina lokacin da Turai take cikin duhu, aka zo aka ƙwace. Akwai kuma masu taɓe baki: me aka ƙirƙira a nan? Ginshiƙan na Rumawa ne, adon bangon na Rumawa ne, ilimin ma na Girkawa ne aka fassara.

Na daɗe ina ganin ɓangarorin nan biyu sun haɗu a wuri guda ba tare da sun sani ba. Dukansu sun ɗauka aro abin kunya ne. Mai hawaye yana ɓoye shi don kada ya rage darajar ginin, mai taɓe baki yana tono shi don ya rage ta. Ni kuwa a ganina, wanda ya cire labarin aro daga tarihin Masallacin Ƙurɗuba ya zubar da tsabar, ya riƙe ƙaiƙayi.

A koma farko. A shekarar 750 Abbasiyawa suka kifar da daular Banu Umayya a Sham, suka bi 'ya'yan gidan suna kashewa. Wani saurayi mai suna Abdurrahman ɗan Mu'awiya ya tsira da ƙyar. Ya faɗa kogin Furatu ya yi iyo ya haye, ƙaninsa da ya yarda da alkawarin amana ya juya baya aka yanka shi a gaɓa yana kallo. Ya shekara biyar yana gararamba a Arewacin Afirka, har ya fake wurin dangin mahaifiyarsa, Barbarawa. A 755 ya tsallaka Andalus, a 756 ya shiga Ƙurɗuba ya zama sarki. Sai da ya shafe kusan shekara 30 yana murƙushe tawaye kafin ya sami sukunin aza harsashin babban masallaci, a 785. Shekara 3 kacal suka rage masa a duniya.

Tsoho mai gaggawa ba shi da lokacin tura mutane dutse su sassaƙo sababbin ginshiƙai. Maginansa suka bi kufan gine-ginen Rumawa da na Bisigot, waɗanda suka mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi, suka tattaro abin da suka samu. Wani ginshiƙin fari, wani ja-ja, wani mai zane, wani sumul, kuma tsawonsu bai zo ɗaya ba. Wasu aka yi musu ƙari a ƙasa, wasu aka ɗan nutsar da su. Babbar matsalar ita ce gaba ɗayansu gajeru ne. Idan aka ɗora rufi a kansu kai tsaye a fili mai faɗi haka, masallacin zai zama kamar rami, duhu da zafi, ba iska.

A nan ne wani magini, wanda tarihi bai riƙe mana sunansa ba, ya yi abin da ya sa har yau ake tsayawa ana kallo. Ya ɗora wani dogon ginshiƙi na gini a kan kowane ginshiƙin dutse, sannan ya ɗaure su da baka biyu, ɗaya bisa ɗaya. Bakan sama shi ke ɗauke da rufi. Na ƙasa, mai zubin kofaton doki, ba ya ɗauke da komai a kansa, aikinsa ya riƙe ginshiƙan kada su wargaje. Tsakanin bakan biyu fili ne, haske yana ratsawa, ido yana wucewa. Kowane baka an jera shi da farin dutse da jan bulo, ɗaya bayan ɗaya, shi ne wannan ja da fari da kowa ya sani a hoto. A can saman jerin bakunan kuma aka bi da hanyar ruwa, ruwan sama yana gangarawa ta nan ya fita, kamar yadda indararo ke yi a sorayenmu.

To mai taɓe baki zai ce, bakan kofaton doki Bisigot suna yin sa kafin Ɗariƙu ɗan Ziyad ya tsallako da rundunar Musulmi a 711. Gaskiya ne. Zai ƙara da cewa a garin Marida na Sifaniya akwai wata doguwar gadar ruwa ta Rumawa mai bakuna hawa-hawa, wadda aka gauraya dutse da jan bulo wajen gina ta, kuma masana da yawa suna ganin maginin Ƙurɗuba ya gan ta. Wannan ma ban musa ba. Tambayata ita ce: gadar nan ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye kowa yana wucewa ta gindinta, me ya sa ba wanda ya kalle ta ya ga zauren salla a cikinta sai wannan mutum? Ginshiƙan suna zube a kufai kowa yana tsallake su. Ido da ya haɗa wannan da wancan ya warware matsalar rufi, wannan idon ba a aro shi daga kowa ba.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma wannan karin magana ita ce hujja mafi ƙarfi da za a iya kawo mini. Na yarda da ita, amma a san wane aro ake nufi. Aron da ba ya rufe katara shi ne wanda mai shi zai zo ya karɓe abinsa ya bar ka tsirara. Akwai wani aron da ba a iya karɓewa, kuma labarin mihrabin masallacin nan ya nuna bambancin ƙarara.

Halifa Alhakam na biyu ya hau mulki a 961, kuma faɗaɗa masallacin na daga cikin umarninsa na farko. Yana son ya ƙawata sabon mihrabi da irin adon da Halifa Alwalid na gidansu, Banu Umayya, ya sa a Masallacin Dimashƙa: ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi, wasu da ruwan zinariya, da ake jerawa ɗaya-ɗaya a bango har su fitar da rubutu da furanni. A Andalus babu wanda ya iya wannan aiki. Gwanayensa suna Ƙusɗanɗiniyya, Santambul ta yau, fadar sarkin Rumawa Kirista. Alhakam bai ji nauyi ba, ya aika jakada ya roƙa. Masanin tarihi Ibnu Izari ya kawo cewa jakadan ya dawo da gwani guda da ƙinɗari (wani babban ma'aunin nauyi) 320 na gutsattsarin gilashin, kyauta daga sarkin Rumawa. Wurin da nake so a lura shi ne abin da ya biyo baya. Halifa ya sauki baƙon da karamci, sannan ya zaɓo wasu daga cikin bayinsa ya haɗa su da shi, su yi masa aiki su koyi sana'ar. Ba a sallami gwanin ba sai da yaran suka iya aikin da kansu, har mai tarihin ya ce sun zarce shi.

Ko da an ce akwai ƙarin gishiri irin na marubutan fada a wannan zance na ƙarshe, tsarin ya fito fili. An sayo kaya, an kuma sayo hannun da ke yin kayan. Gwanin ya koma gida, sana'ar ta zauna. Wanda duk ya ga yadda a ƙasashenmu ake ɗauko kamfanin waje ya yi gada ko asibiti, ya kwashe injinansa da ma'aikatansa ya tafi, bayan shekara biyu a rasa mai ɗaure kusa ɗaya da ta kwance, ya san wane irin aro muke yi.

Kuma ba a gini kaɗai suka yi haka ba. A zamanin mahaifin Alhakam, Abdurrahman na uku, sarkin Rumawa ya aiko da kyautar wani tsohon littafin magungunan itatuwa na Diyoskoridis, da Girkanci, mai hotuna. An riga an fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza, amma sunayen tsirrai da yawa an bar su yadda suke don ba a gane su ba. Aka rasa mai karanta Girkanci a Ƙurɗuba, sai aka sake aikawa a turo malami. A 951 wani malamin Kirista mai suna Nikola ya iso, ya zauna da likitocin gari, cikinsu har da Hasdai ɗan Shafrut, Bayahude, likitan halifa kuma jakadansa. Suka bi tsirran ɗaya bayan ɗaya suna gano wanne ne wanne a ƙasar Andalus. Daga irin wannan ƙasa Azzahrawi ya tsiro, likitan da Turai ta yi ƙarnoni tana koyon fiɗa daga babin ƙarshe na littafinsa. Kafin nan, a 822, Ziryab ya zo daga Bagadaza da kiɗansa, ya ƙara wa udu, molon Larabawa, tsirkiya ta biyar, ya buɗe makarantar koyar da waƙa. Takardar da aka cika ɗakin karatun Alhakam da ita, asalin sana'arta daga Sin ta taso, ta biyo ta Samarƙand da Bagadaza. An ce littattafan ɗakin sun kai 400,000. Ko da an raba wannan adadi gida huɗu, babu makamancinsa a Turai ta wancan lokaci.

Abu na biyu da hoto ba ya nunawa shi ne lokaci. Masallacin da muke gani ba aikin sarki ɗaya ba ne. Abdurrahman na farko ya soma a 785, ɗansa Hisham ya kammala. Abdurrahman na biyu ya tura bangon alƙibla gaba tsakanin 833 da 848. Abdurrahman na uku, wanda ya ayyana kansa halifa a 929, ya faɗaɗa haraba ya tada sabuwar hasumiya. Alhakam ya sake tura alƙibla ya yi mihrabi da ƙubbobinsa, waɗanda bakunansu ke giciye juna a sama ta yadda maginin Zariya ko Kano da ya san ɗaurin guga zai tsaya ya daɗe yana nazari. Daga ƙarshe Almansur ɗan Abi Amir, wazirin da ya riƙe mulki bayan Alhakam, da ya ga kogi ya tare gaba, ya faɗaɗa ta gabas a 987 zuwa 988, ya ƙara layi takwas. Shekara 200 ke nan, har ginin ya kai kimanin mita 180 a tsawo da 130 a faɗi. Ginshiƙai fiye da 850 suna tsaye har yau.

A duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya ce zai rushe na magabacinsa ya yi nasa salo don a san ya zo. Kowa ya bi baka biyu da ja da farin da maginin farko ya ɗora. Da Alhakam ya rushe tsohon mihrabi don ya matsa gaba, sai ya sa aka cire ƙananan ginshiƙai huɗu da ke jikinsa aka dasa su a bakin sabon, aka kuma rubuta hakan a bango. Suna nan. Ba sai na tsaya faɗin yadda muke yi da ayyukan gwamnan da ya sauka ba, kangwayen suna bakin hanya kowa yana gani.

Sai maganar kuɗi, wadda masu hawaye ba sa son a taɓo. Da me aka yi wannan aiki? Da harajin manoma, da jiziya, da ganimar yaƙe-yaƙen da ake kaiwa arewa kusan kowace bazara, da cinikin bayi, da kuma zinariyar Afirka ta Yamma da ayari ke ratsa Sahara da ita ta Audagust da Sijilmasa. Dinarin zinariya da halifofin Ƙurɗuba suka soma bugawa, da kuma hauren giwa da masassaƙan fada suka mayar da shi 'yan akwatunan turare, irin wanda aka yi wa yarima Almugira a 968 da ke gidan tarihi na Faris yanzu, akwai gumin nahiyarmu a ciki. A 997 Almansur ya kai hari Santiyago, babbar cibiyar ziyarar Kiristoci, ya sa fursunonin yaƙi suka ɗauko ƙararrawoyin cocin a kafaɗa har Ƙurɗuba, aka kife su aka mayar da su fitilun masallaci. Zaman lafiyar addinai uku da ake yawan yi wa Andalus kirari da shi ya faru, amma zama ne na mai sama da na ƙasa, kuma yana da ranakun da ya ɓaci.

Abin da ya burge ni shi ne mutanen garin da kansu ba su ɗauki kyan gini a matsayin amsar kowace tambaya ba. Abdulwahid Almarrakushi ya kawo cewa da Alhakam ya gama ƙarin da ya yi, jama'a suka ƙaurace wa salla a wurin na wasu kwanaki. Da ya tambayi dalili aka ce masa, suna cewa ba su san inda kuɗin ya fito ba. Halifa guda, mai dakaru da taskoki, sai da ya tara shaidu da alƙali, ya fuskanci alƙibla ya rantse cewa bai kashe ko dirhami ɗaya ba face daga humusin ganima, sannan mutane suka shiga. Alƙalin nan, Munzir ɗan Sa'id Alballuɗi, shi ne wanda ya taɓa tsayawa kan mumbari ya yi wa mahaifin Alhakam wankin babban bargo. Abdurrahman na uku ya shagala da ginin sabon birninsa, Madinatuz Zahra, har Juma'a uku a jere ta wuce shi. Ranar da ya zo, Munzir ya buɗe huɗuba da ayar Suratus Shu'ara inda Annabi Hudu yake tambayar Adawa ko a kan kowane tudu za su riƙa gina alama suna wasa. Halifa ya fusata ya rantse ba zai ƙara bin sa Juma'a ba. Amma da ɗansa ya ce a tuɓe shi mana, sai ya ƙi, ya ce irin Munzir ba a tuɓe shi. Ni a wurina wannan ma yana cikin abin da za a kira ci gaban Ƙurɗuba, daidai da mihrabin. Yau attajiri zai gina masallaci mai hasumiya huɗu a unguwar da ba ruwan famfo, a cika sahu ranar buɗewa, ba mai tambayar komai.

Su kuma waɗanda suka yi aikin da hannunsu? A jikin ginshiƙan ɓangaren Alhakam da na Almansur akwai ɗaruruwan alamomi da masassaƙa suka karta, wasu sunaye ne: Nasru, Fathu, Mas'udu, Mubarak. Sunaye ne irin waɗanda aka saba raɗa wa bayi da 'yantattu. Babban jami'in da ya kula da aikin mihrabin, Ja'afar, wanda sunansa ke rubuce da ruwan zinariya a wurin, shi ma asalinsa bawa ne daga cikin Saƙaliba, waɗanda ake kawowa daga ƙasashen Turai. Saboda haka idan mutum ya ce "mu muka gina", ko ya ce "su suka gina", sai a tambaye shi su wa. Sarkin ɗan Sham ne, uwarsa Babarbariya. Ginshiƙan na Rumawa, gwanin gilashi Bagirke, masu sassaƙa 'yan ƙasa da bayi, zinariyar daga ƙasar baƙar fata.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ɗaci. Muna son mu ce an ƙwace Andalus, kuma an ƙwace ɗin. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Ƙurɗuba daga ciki ya tsage, fiye da shekara 200 kafin sojan Kastila, daular Kiristoci ta arewa, ya taka ƙofarta a matsayin mai mulki. Almansur, wanda ya ƙwace iko ya mayar da halifa yaro ɗan kallo, yana neman goyon bayan malaman fiƙihu, sai ya sa aka tsince littattafan falsafa da ilimin taurari daga ɗakin karatun Alhakam, aka ƙona wasu, aka zuba wasu a rijiyoyi. Ya rasu a 1002. A 1009 fitina ta ɓarke tsakanin 'yan gari, da rundunar Barbarawa, da Saƙaliba, kowa da nasa ɗan sarautar. Wani ɓangare ya gayyato sojan Kastila, ɗayan ya yi hayar na Kataloniya. Sauran littattafan aka yi gwanjon wasu don biyan soja, aka wawashe ragowar. A 1031 manyan gari suka taru suka soke halifancin gaba ɗaya, ƙasar ta dare gida-gida.

Madinatuz Zahra, wadda aka soma ginawa wajen 936, wadda jakadun ƙasashe ke shiga jikinsu na rawa, ba ta cika shekara 80 a raye ba. Musulmi ne suka wawashe ta suka cinna mata wuta a wannan fitina. Aka yi ƙarnoni ana jidar duwatsunta ana gini da su a wasu garuruwa, har sunanta ya ɓace, manoman yankin suna kiran kufan "tsohuwar Ƙurɗuba". Sai a 1911 aka soma tono ta. A ƙarni na 12 kuma, a cikin wannan masallaci da muke kuka a kansa, gungun jama'a suka kori Ibnu Rushd da ɗansa lokacin da suka shiga salla, bayan hukuma ta yi fushi da shi ta sa an ƙona littattafansa na falsafa. Turawa suka fassara abin da ya rage suka karantar a jami'o'insu. Su ma aro suka yi, irin wanda ba a karɓewa.

A 1236 Sarki Fardinan na uku na Kastila ya ci Ƙurɗuba. Ya sa fursunoni Musulmi suka mayar da ƙararrawoyin nan Santiyago a kafaɗa, ramuwar gayya. Aka mayar da masallacin coci. A biranen Ɗulaiɗila da Ishbiliya na Sifaniya, daga baya an rushe manyan masallatan an tada sababbin majami'u a gurbinsu, a Ishbiliya hasumiya da haraba kawai aka bari. A Ƙurɗuba ba a yi haka ba. Sababbin masu gari suka ga abin ya fi ƙarfin rushewa, har aka ɗora wa magina da kafintoci Musulmi da suka rage a garin aikin kula da shi. Kusan shekara 300 aka yi ana ibada a cikinsa ba tare da an taɓa tsakiyarsa ba. Da shugabannin coci suka tashi fasa tsakiyar a 1523 don su gina babbar majami'a irin ta zamaninsu, majalisar garin, wadda duk Kiristoci ne, ita ta tsaya kai da fata ta ƙi, har ta yi shelar hukuncin kisa ga duk maginin da ya sa hannu a rushewar. Sarki Sharl na biyar ya goyi bayan coci, aka yi aikin. Ana danganta masa cewa da ya zo ya gani da idonsa ya yi nadama, ya ce an lalata abin da babu irinsa a duniya don a gina abin da ake samu ko'ina. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, maganar ta zauna daidai.

Ba ina wanke kowa ba ne. Bayan faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a 1492 an ƙona littattafan Larabci a dandalin garin, an tilasta wa Musulmi barin addininsu, tsakanin 1609 da 1614 aka kori jikokinsu daga ƙasar ɗungurungum. A zamaninmu ma, a 2006 hukumar cocin Ƙurɗuba ta yi wa ginin rajista da sunanta a kan Yuro 30, aka yi shekaru ana buga takardun baƙi ba tare da kalmar masallaci ba, sai da 'yan Sifaniya da kansu suka yi ta ƙorafi aka dawo da ita. Har gobe ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Wanda ransa ya sosu da wannan yana da hujja. Sai dai in za a yi adalci a haɗa da ɗaya gefen: fadar da ta rage a hannun Musulmi ta zama kufai, masallacin da ya faɗa hannun abokan gaba yana tsaye da rufinsa bayan shekara fiye da 1,200, domin ba a taɓa daina shiga cikinsa da share shi da toshe yoyonsa ba.

Irin wannan ta faru a ɗaya ƙarshen Bahar Rum, amma a juye. Ayasofiya da ke Santambul asalinta coci ce da Sarkin Rumawa Jastiniyan ya kammala a 537. Usmaniyawa suka mayar da ita masallaci a 1453, babban magininsu Sinan ya tokare ta da ƙarin bangaye don kada ƙubbar ta faɗi, kuma daga kallon wannan ƙubba salon manyan masallatan Santambul ya samo tushe. Wanda ya yi murna a 2020 da aka dawo da salla a Ayasofiya, ya kuma yi kuka a kan Ƙurɗuba, ya sani akwai wani Bagirke da yake yin kukan da murnar a juye, kuma hujjarsu iri ɗaya ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne muna kukan Ƙurɗubar da ke hannun wasu, alhali akwai wata a hannunmu da ba mu ko san daga can ta zo ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram, ruwayar Yahya ɗan Yahya Allaisi ce, mutumin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Shi ne wanda ake ba da labarin cewa ranar da aka shigo da giwa Madina, ɗalibai suka watse kallo, shi ya zauna, ya ce daga ƙasarsa ya taso don ya ga Malik, ba giwa ba. Ishiriniyar da ake rerawa a daren Maulidi da daren Juma'a, mai ita Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne, ya rasu a Marrakush a 1230. Mai tafsirin nan da malamanmu ke cewa "Ƙurɗubi ya ce", yana saurayi garin ya faɗi, ya yi hijira zuwa Masar. Alfiyyar da ɗaliban nahawu ke haddacewa, mai ita ɗan Jayyan ne, garin da ba shi da nisa da Ƙurɗuba. Hatta rubutun allo, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun ke da ɗaya a sama, da ƙira'ar Warshu da gardawa ke yi, ta wannan hanya ta Magrib da Andalus suka iso mana.

Kakanninmu sun aro waɗannan, kuma sun yi irin aron Alhakam. Sun koyi rubutun har suka fitar da nasu salon, suka haɗa tawadarsu, suka fere alƙalaminsu na gamba, suka ɗinka gafaka da fatar da aka jeme a gida, suka juya haruffan suka rubuta Hausa da Fulfulde da su. Da yawa daga cikin waɗannan rubuce-rubuce suna nan a gidajen malamai, cikin adaka da buhuna, a ɗakunan da ke yoyo duk damina, gara tana bi ta ƙasa. Ba sojan Kastila a kusa, ba bishof da ya yi musu rajista da sunansa. Gobarar Ƙurɗuba ta sami 'yan kwana-kwana cikin mintuna, washegari masana suna tsaye a wurin suna auna abin da ya ƙone don a mayar da shi yadda yake. Ganuwar Kano kuwa, wadda aka soma ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarshen ƙarni na 11, ana yankar ta fuloti-fuloti da rana tsaka, ana buga bulo da ƙasarta.